Filin Kanikawa: Babban batirin haibirid ya yi ƙasa ne, ko ya mutu?

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wasiƙun da ke zuwa wannan fili kan motocin haibirid, masu tafiya da fetur da lantarki tare, suka yawaita. Kusan duk kuka ɗaya ne: an ce babban batir ya tafi, a kawo kuɗin wani. Mun tattara shida daga ciki. Alƙaluman da za mu bayar na motocin Toyota ne masu batirin nikel, irin Prius daga 2004 zuwa 2015 da Camry daga 2007 zuwa 2011, don su ne suka fi yawa a titunanmu. Wasu sababbi na ɗauke da batirin litiyam, kuma dabarun caji da ke ƙasa ba nasu ba ne.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Prius gare ni ta 2008, 'yar Kwatano. Jiya lafiya lau na ajiye ta. Da safe na danna maɓalli, fitilun gaban sitiyari suka yi ta ƙyafta, jan alwatikan nan ya fito, READY kuwa, alamar da ke nuna mota ta tashi, ta ƙi zuwa. Mai riwaya ya ce babban batir ne. In fara neman kuɗi? (Wani mai karatu, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna, ka nemi mita.

Batir biyu ne a motarka. Babban, wanda ke bayan kujerar baya, bolt 201.6 ne, shi ke juya injin ya tashi ta hanyar ɗaya daga cikin injinan lantarki biyu da ke cikin giya. Babu kik a Prius, babu altanato. Ƙaramin kuwa, mai bolt 12, yana can cikin but ta gefen dama, kuma aikinsa shi ne ya farkar da kwamfutocin motar, ya ja rile-rilen da ke buɗe wa babban batir hanya. In ƙaramin ya gaza jan waɗannan rile, babban ko da cike yake taf, a kulle zai zauna kamar ruwa a tanki an rufe famfo. Fitilu masu ƙyaftawa, gilashin ƙofa mai hawa da ƙyar, lambobin matsala barkatai waɗanda ba su da alaƙa da juna, duk alamun ƙaramin batir ne.

Ga yadda za a auna. Mota a kashe, ta kwana ba a taɓa ta ba, ƙaramin batir mai lafiya yana nuna 12.4 zuwa 12.6. Danna maɓalli sau biyu ba tare da taka birki ba, ka kunna fitilun gaba. In ya zube ƙasa da 11.5 nan take, ya gaji. Idan but ya ƙi buɗewa saboda makullinsa na lantarki ne, akwai wurin jona waya a cikin akwatin fis da ke ƙarƙashin bonet, da jan murfi a kansa. A jona da wani batir mai kyau, ja a jikin wannan wuri, baƙi a jikin ƙarfen mota. A duba sau biyu kafin a maƙala. Wanda ya juya wayoyin nan, ko na daƙiƙa ɗaya, in ya yi sa'a babban fis kaɗai zai ƙone, in bai yi ba sai ya taɓa inbata, na'urar da ke sarrafa wutar babban batir, kuma kuɗin inbata ya ninka na ƙaramin batir sau da yawa.

Da READY ta zo, sake aunawa. Yanzu ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, don wani sashe na inbata yana rage wutar babban batir yana cajin ƙaramin da ita. In ta tsaya a 12 da 'yan kai alhali mota na READY, caji ba ya shiga, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi. Sai a leƙa ƙaramin tankin ruwan sanyaya inbata: ya kamata a ga ruwan yana motsi. In ya kwanta shiru kamar a kofi, famfonsa ya tsaya, inbata na ɗaukar zafi, kuma sau da yawa lambar P0A93 za ta fito a sikana, na'urar da ke karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota.

Sai an wanke ƙaramin batir daga zargi, an goge lambobi, an yi tafiya sun dawo, sannan ake maganar babba.

Tambaya: Oga, barka da aiki. Haya nake yi da Prius 2011. Kwanan nan layukan batir a allo sai su cika, minti biyu kuma su zube saura ɗaya ko biyu. Injin ba ya hutawa, yana ta gurnani, fanka na ƙara a bayan kujera, mai kuma yana tafiya. Yanzu ta rubuta “Check Hybrid System”, an sa kwamfuta an ga P0A80. Wani ya goge, kwana uku ta dawo. (Direban haya, Kaduna)

Amsa: Direba, sannu da ƙoƙari. Wannan karon da alama batirin ne, amma P0A80 ba ta faɗi ko wane ɓangare ba, kuma wani lokacin ƙarya ake yi mata. Sai an san yadda aka gina batirin za a gane.

A cikin akwatin akwai modul 28, an jera su a tsaye kamar littattafai a kan kanta. Kowane modul na da sel shida masu bolt 1.2, wato 7.2, kuma yana sabo yana riƙe amfa 6.5 na awa guda. Kwamfutar batir ba ta auna su ɗaya-ɗaya. Biyu-biyu take haɗa su, ta kira kowane haɗi bulok, shi ya sa sikana ke nuna bulok 14. A Camry modul 34 ne, bulok 17, bolt 244.8. Duk a jere suke, wutar da ta ratsa na farko ita za ta ratsa na ƙarshe, don haka sel ɗaya tak cikin 168 in ya gaza, ya ja wa sauran. Kwamfuta kuma ba ta taɓa barin batirin ya cika ko ya ƙare: tana riƙe shi tsakanin kashi 40 da 80 cikin ɗari, tana son ya zauna wajen 60. Layukan da kake gani a allo wannan tazarar kaɗai suke nunawa. In suna cika da sauri suna zubewa da sauri, randar ce ta koma kofi.

Goge lamba ba gyara ba ne, ɓata sawu ne ma. Lokacin da lambar ta fito, kwamfuta ta ajiye hoton halin da ake ciki a wannan daƙiƙar: bolt ɗin kowane bulok, zafi, yawan wutar da ake ja. Wanda ya goge bai karanta ba ya zubar da shaida mafi kyau. Ka nemi mai Techstream, manhajar Toyota, ko kuma ƙaramar na'urar OBD mai haɗuwa da waya tare da manhaja irin su Dr. Prius ko Hybrid Assistant. Sikana mai araha da ke karanta injin kaɗai ba ta ganin kwamfutar batir. A duba ko akwai wata lamba tsakanin P3011 da P3024 tare da P0A80. Waɗannan suna nuna bulok da yatsa: P3011 na farko, P3018 na takwas, har P3024 na sha huɗu.

A tsaye, mota na READY, bulok mai lafiya yana nuna 15 zuwa 16 da wani abu, kuma tazarar mafi sama da mafi ƙasa ba ta cika wuce 0.2 ko 0.3 ba. Amma a tsaye kowa jarumi ne. Sai a fita titi, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na kallon allo, kada direba ya haɗa biyun. A taka totur sosai daga tsaye, lokacin batirin na ba da wuta kusan amfa 100, sannan a taka birki a hankali daga gudu, lokacin wuta na komawa cikinsa. Abu uku ake nema.

Bulok ɗin da ya fi kowa faɗuwa in an taka totur, kuma shi ɗin dai ya fi kowa hawa in an taka birki, wannan ya tsufa, cikinsa ya yi tauri. Za ka ga alƙalumin turjiyarsa ma ya fita daban: sauran na wajen 0.02, shi ya haura su. Bulok ɗin da kullum yake ƙasa da 'yan uwansa da kimanin bolt 1.2, ko ana ja ko ana caji, sel guda ne ya mutu a ciki. Lissafin ba ya ɓuya, 1.2 daidai sel ɗaya ke nan.

Na ukun shi ne inda ake cin kuɗin mutane. In bulok biyu maƙwabta suka rabu, ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka da kusan adadi guda, ko alƙalumi na tsalle-tsalle alhali wutar da ake ja ba ta canza ba, to ba modul ba ne, wayar awo ce. Kowane bulok na da siririyar waya da ke kai rahoto ga kwamfuta, kuma maƙwabta suna tarayya a waya ɗaya a tsakaninsu. Modul in sun tsufa suna ɗan yin gumi a bakin noti, ruwan cikinsu ya ci 'yan farantan jan ƙarfen da ke haɗa su, su yi kore shar. Tsatsar tana bin siririyar wayar har cikin soket ɗin kwamfuta, wani lokaci a buɗe a tarar da ƙafafun soket sun yi baƙi. A nan wanke farantai da ruwan khal, a busar, a sauya wayar awo ko kwamfutar in ta ƙone, shi ne gyara, modul kuwa ba su yi laifin komai ba.

In kuma duk bulok 14 suna hawa tare suna sauka tare da sauri, babu wanda ya fita daban, kana iya ganin P0A7F. Wannan tsufa ne na gida gaba ɗaya, babu modul ɗayan da za a cire a huta.

Kada ka ci gaba da haya da ita a haka. Modul mai mataccen sel yana ɗaukar zafi fiye da kima, yana gasa na kusa da shi, wani lokaci ya fashe da ƙara kamar an harba bindiga a bayan fasinja.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mai ya ƙare mini a hanyar Zariya. Na lallaɓa da lantarki har ta tsaya. Na sayo lita biyu na zuba, na yi ta dannawa, injin ya ɗan yi kamar ya tashi sai ya mutu. Na yi haka ya kai sau goma. Yanzu ko motsi ba ta yi. An ga P3000 da P0A0F. (Wani malamin makaranta, Funtuwa)

Amsa: Malam, Allah ya kiyaye gaba. Batirinka mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, yunwa ce kawai, kuma dannawa goman nan ce ta ƙarasa shi.

Abin da ka ji kamar injin ya tashi, ba tashi ya yi ba. Injin lantarkin nan na cikin giya ne ke juya shi da gudun kusan 1,000 a minti, sai ya yi ƙara kamar mai aiki na 'yan daƙiƙu, kwamfuta ta ga bai kama ba ta sake shi. Kowane gwaji daga babban batir ake cira, kuma babu mai mayarwa sai injin da ya ƙi tashin. P0A0F na cewa injin bai tashi ba. P3000 tana zuwa da ƙananan lambobi a gefenta, a sa mai sikana ya buɗe su: 388 da 389 na nufin caji ya zube ƙasa, 123 kuwa na nufin kwamfutar batir na da nata ƙorafin, a je a karanta shi.

Dokar ita ce, injin haibirid in ya ƙi tashi sau biyu, a cire hannu. A nemo dalili da ragowar cajin a ajiye. In mai ne, a zuba lita goma ko fiye, a ba famfo dama ya cika layi. In ba mai ba ne, a duba famfon mai, fulogi, maƙogwaron iska da datti ya toshe, da sensan iskar da ke bayan matata, wanda ƙurar hunturu ke lulluɓewa. Gurɓataccen fetur ma yana yin haka. Lambobin P3190 da P3191 duk injin suke nunawa, ba batir ba.

Yanzu a karanta bolt ɗin bulok-bulok. In duk 14 sun sauka tare, kusan daidai da juna, albishir ne. Batir mai modul 28 a bakin aiki yakan zauna tsakanin 210 da 230. In ya gangaro ƙasa da 200 yunwa ta kama shi, a 168 kuwa, wato bolt ɗaya a kowane sel, babu komai a ciki. Ana farfaɗo da shi da caja ta musamman mai ba da wuta sama da bolt 200 amma 'yar kaɗan, kimanin amfa 0.35, fankar batir na juyawa duk tsawon lokacin. Awanni kaɗan sun isa a tashi injin, cikawa kuwa tana cin kusan yini da dare. In babu irin wannan caja, a sauke batirin a yi wa modul caji ɗaya-ɗaya da ƙaramar cajar nikel, suna matse a cikin maƙallinsu.

Akwai wata dabara da ke yawo, ta ɗauko wutar gida a bi da ita ta dayod a tura cikin batirin kai tsaye. Wutar soket mai 230 in an miƙar da ita tana kaiwa kusan bolt 325, kuma babu abin da ke taƙaita yawanta. Gobara ce ko gawa.

Tura ba ta tayar da Prius, kada a wahalar da yaran unguwa. In za a ja ta, a ɗaga ƙafafun gaba ko a ɗora ta kan janwe.

Wasu abubuwa biyu na jawo irin wannan yunwa. Na farko giyar N: a cikinta mota ba ta cajin babban batir ko da injin na aiki. Mai zama a gosulo ko wajen wanki da esi a kunne a N, batir yake sha. A sa P. Na biyu doguwar ajiya, irin ta motar da ta yi watanni a tashar jirgin ruwa ko a filin dillalai, don batirin nikel na tsiyayar da caji da kansa, kuma zafi na ƙara masa sauri. Littafin motar ya ce a tuƙa ta aƙalla minti 30 ko kilomita 16 duk bayan 'yan watanni.

Tambaya: Maigida, ina koyon riwaya, shekarata uku. An fara kawo mana haibirid. Yaya ake buɗe batirin nan a auna ba tare da ya kashe mutum ba? (Wani yaron gareji, Maraɗi)

Amsa: Madalla da ka tambaya kafin ka sa hannu, yaro. Kada ka yi shi kai kaɗai, kuma karon farko ka tsaya kusa da wanda ya saba.

Duk waya mai ruwan lemo a motar nan babbar wuta ce. Cire zobe, agogo da sarƙa. Safar hannu ta roba mai lamba 0, wadda aka yi don bolt 1,000, ita ake sawa, da ta fata a samanta. Kafin ka sa, naɗe ta daga baki ka matse iska a ciki ka saurara, in tana huci ta tashi aiki. Safar wanke-wanke ba ta cikin lissafi. Mitarka ma ta zama mai jure bolt 1,000.

Kashe mota, kai makulli nesa, cire wayar baƙi ta ƙaramin batir. Sannan zare fulogin tsaro mai ruwan lemo da ke gefen babban batir, ka jefa shi aljihunka, don kada wani ya mayar kana tsakar aiki. Jira minti goma kafasitocin inbata, masu ajiye wuta, su sauke. Auna a bakin inbata ka ga sifili da idonka.

Ga inda ake ruɗuwa: zare fulogin bai kashe batirin ba, raba shi gida biyu kawai ya yi, kuma ɓangare guda na iya riƙe sama da bolt 100. Sai an kwance farantan jan ƙarfe na ɓangarorin biyu gaba ɗaya sannan kowane modul ya koma bolt bakwai da 'yan kai. Har zuwa lokacin, safa a hannu, sifana a naɗe da tef, hannu ɗaya a aiki. Akwatin ya kai kilo 40, mutum biyu ke ɗauka.

Kafin komai rubuta lamba a kan kowane modul, 1 zuwa 28, ka ɗauki hoto. Auna su ka rubuta a takarda. Masu lafiya za su taru wuri ɗaya, misali 7.6 zuwa 7.9, mai mataccen sel zai nuna shida da wani abu. Ka dogara da mita, kada ka ƙirga daga gefe ka ce wannan ne bulok kaza, don gefen da ake fara ƙirga ya bambanta daga mota zuwa mota. Sai gwajin kaya: jona ƙwan fitilar gaba mai wat 55 a kan modul na minti biyu, ka rubuta bolt a farko da ƙarshe. Yi wa duka 28 haka, da ƙwai ɗaya da lokaci ɗaya. Wanda ya zube fiye da sauran a fili, ka sa masa alama ko da a tsaye ya nuna lafiya.

Kada ka taɓa yi wa modul caji a sake. Yana kumbura kamar burodi, kuma in ya kumbura ya gama. Farin gari ko danshin da ka gani a ƙasan akwati ba asid ba ne, kishiyarsa ce, irin sodar sabulu, tana cin fata da ido. Ruwan khal na kashe kaifinta, in ta taɓa jiki a wanke da ruwa mai yawa.

Wajen mayarwa, modul suna jeruwa ne a juye, mai ƙari kusa da mai ragi. In ka sa biyu fuska ɗaya, jerin ya ɓaci, wutar ɗaya za ta yi adawa da ta ɗayan. Notocin ana ɗaure su a 5.4 na ma'aunin niyuton-mita, da sifana mai awo. Wanda ya yi sako-sako zai yi zafi, wanda aka murɗe da ƙarfi zai fasa wuyan modul ya fara yoyo. Mayar da sensocin zafi da bututun iska inda suke. Fulogin tsaro kuma mataki uku gare shi: a tura, a ɗaga hannunsa, sannan a zuge shi ya kulle. Wanda ya manta na ukun zai ga P0A0D, mota ta ƙi READY, ya yi ta zargin aikinsa a banza.

Tambaya: Malam, an ce modul biyu ne suka mutu a Camry ɗina ta 2009. Wani ya ce a sauya biyun, wani ya ce duka. Wa zan bi? (Wani ɗan kasuwa, Gusau)

Amsa: Alhaji, ya danganta da abin da sauran 32 ɗin suke riƙewa, kuma mita kaɗai ba ta faɗin wannan. Sai an yi wa kowanne caji, an sauke shi zuwa bolt 6 da cajar da ke ƙirga abin da ya fito. Sabo na ba da 6,500 na miliamfa. In sauran suna kusa da juna kuma da sauran ƙarfinsu, sauya biyu da wasu masu irin ƙarfin na iya kai ka wani lokaci mai ɗan tsawo. In sun warwatse, wannan 4,000 wancan 2,000, to tsugune ba ta ƙare ba: bayan wata biyu ko uku na gaba zai faɗi, ka sake biyan kuɗin saukewa da ɗorawa.

Modul ɗin da za a saka ya dace da maƙwabtansa. Mai ƙarfi sosai a tsakiyar tsofaffi shi ma tazara yake kawowa, kwamfuta kuwa tazara take gani. Haɗa su baki ɗaya su kwana don bolt ya daidaita yana da amfani, amma daidaita bolt bai mayar da kofi randa ba.

Ra'ayinmu, mota mai shekaru irin na taka, wadda kake shiga doguwar hanya da ita, batir gaba ɗaya ya fi. In na hannu za ka saya, kada ka biya sai an ɗora shi an fita titi da sikana ka ga tazarar bulok da idonka. Fenti da sabuwar sitika a kan akwati ba su auna komai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Prius ɗina lafiya take da safe, amma da rana in na ɗauko yara daga makaranta sai ta yi nauyi, fanka ta cika mota da ƙara. Kuma tun da aka gyara mini esi, wata lamba P0AA6 ke fitowa, in na kashe motar sai ta ƙi tashi. (Wata ma'aikaciyar jinya, Sakkwato)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsala biyu ce, kuma ta biyun ta fi gaggawa.

Ta farko zafi ne. Batirin da iskar cikin mota yake shan sanyi, ta wata 'yar taga da ke gefen kujerar baya. Jakar makaranta, mayafi ko rigar kujera in ta rufe ta, an shaƙe shi. Fankar kanta tana tara ƙura da zare da gashi har fukafukanta su toshe. A Sakkwato, inda bazara ke haura digiri 40 a inuwa, a sauke ta a wanke da buroshi duk shekara bayan hunturu. A sikana za a ga sensocin zafin batir. In suna haura 45 suna dosar 50, kwamfuta na rage wutar da take ja, shi ne nauyin da kike ji. Modul na tsakiya sun fi shan wannan zafi, shi ya sa galibi su ke fara mutuwa. Ki riƙa ajiye ta a inuwa, ki sauke gilashi zafin ya fita kafin ki tashi, kuma ki kunna esi, don sanyin da kika ji shi batirin ke shaƙa.

P0AA6 kuwa cewa take babbar wuta ta sami hanyar zuwa jikin ƙarfen mota. Kada a goge a ci gaba da yawo. Kwamfiresan esin Prius na lantarki ne, babbar wuta ke juya shi, kuma wayoyinsa a cikin mai suke wanka. Mai na musamman yake sha, ND-11, wanda wuta ba ta ratsa shi. In mai gyara ya zuba man kwamfiresan motoci na yau da kullum, ko ya yi aiki da tiyon da ya jiƙe da shi, wuta sai ta fara tsiyaya. Ƙananan lambobin gefe za su nuna wurin: 526 ita ce ta gaba ɗaya, 611 esi, 612 batir, 613 giya, 614 wayoyi da inbata. In an goge ta dawo tun kafin READY, laifin na cikin akwatin batir, yawanci modul mai yoyo ko ruwan sama da ya shiga but. In ba ta dawowa sai an kunna esi, kwamfiresa ne. Ana tabbatarwa da mitar gwajin rufin waya mai bolt 500, bayan an zare fulogin tsaro an raba sassan. In man ne, sai an wanke layin gaba ɗaya, kuma sau da yawa sai an sauya kwamfiresan. Ki koma wurin mai esin ki tambaye shi wane mai ya zuba, ki ce ya nuna miki gwangwanin.